CIWON FATA NA SORIYASIS: ABINCIN GIDA DA KE RAGE MASA ƘARFI

Hunturu yakan zo wa mutanen birnin Zariya da sanyi da ƙura. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, jiki ya yi furu-furu. Ga yawancin jama'a, da an shafa mai shi ke nan. Amma akwai waɗanda hunturu ke tayar musu da wani ciwo na daban. Fatarsu takan yi tabo mai kauri, ta riƙa zubar da ɓawo kamar dusa. Likitoci suna kiran wannan ciwo soriyasis.

Masu wannan ciwo suna shan wahala iri biyu. Ta farko ita ce ƙaiƙayi da raɗaɗi. Ta biyu ita ce ƙyamar mutane. Wani magidanci ba ya naɗe hannun riga a wurin alwala sai ya duba ko ana kallonsa. Wata mata takan daina zuwa biki da suna. Wani kuma a ware masa kwano a gida, don ana zaton kuturta ce. Ga kuɗi da ke ƙarewa a wajen masu tallar magani a mota.

Abinci ba ya warkar da soriyasis. Amma abincin da ya dace yana rage masa ƙarfi, yana kuma taimaka wa maganin asibiti ya yi aiki. Yawancin wannan abinci yana nan a kasuwar birni da lambunan bakin Galma da Kubanni.

MENE NE SORIYASIS?

Fatar mutum tana sabunta kanta kullum. Sabuwa tana tasowa daga ƙasa, tsohuwa tana kaɗewa ba tare da an lura ba. Ga mai lafiya wannan aiki yakan ɗauki kamar wata ɗaya. Ga mai soriyasis kuwa, cikin kwana 3 zuwa 7 sabuwar fata ta taso. Tsohuwar ba ta kai ga kaɗewa ba. Sai su taru, su yi tudu, su yi ɓawo.

An fi ganin tabon a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da fatar kai, da ƙasan gadon baya. A jikin baƙar fata tabon yakan yi duhu, ɓawon kuma ya yi ruwan toka. A kai yakan yi kama da amosani mai yawa. Farce ma yakan yi ƙananan ramuka ko ya yi kauri. Ciwon yakan lafa, ya sake tasowa. Akan gaje shi a wasu gidaje, amma ba kowane ɗa ne ke samu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na shekarar 2016 cewa aƙalla mutum miliyan 100 ne ke da shi a duniya. Tun a 2014 babban taron hukumar ya sa shi cikin manyan cututtukan da ba a ɗauka. An kuma ware ranar 29 ga watan Oktoba ta kowace shekara don wayar da kai a kansa.

BA KUTURTA BA CE, BA A KUMA ƊAUKA

Ba a ɗaukar soriyasis ta musafaha. Ba a ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya, ko ta buta, ko ta shimfiɗa. Miji ba ya shafa wa mata. Uwa ba ta shafa wa jariri ta nono.

Tabon kuturta daban yake. Yakan fi sauran jiki haske, ba ya yawan ƙaiƙayi, kuma idan an shafa masa auduga mutum ba ya ji. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne. A Saye, kusa da Zariya, akwai cibiyar tarin fuka da kuturta inda ake duba irin wannan tabo.

Makero da ƙazuwa su ma daban suke. Su ana ɗauka, kuma suna da maganinsu. Saboda haka kada a zauna ana canke a gida. A je a nuna wa likita, ko a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Sai an san ciwo ake sanin magani.

INA RUWAN ABINCI DA CIWON FATA?

Allah ya yi wa jiki sojojin da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta. Idan ƙaya ta soki mutum, wurin yakan yi zafi ya tashi. Wannan shi ne kumburi. Alama ce ta cewa sojojin suna yaƙi. Da an gama yaƙin, kumburin ya saɓe.

Ga mai soriyasis, sojojin nan suna yaƙi ba tare da abokin gaba ba. Kumburin ba a fata kaɗai yake ba, har cikin jiki yake. Shi ya sa masu wannan ciwo suka fi saurin kamuwa da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya. Wasunsu kuma, har kusan 3 cikin 10, ciwon yakan taɓa musu gaɓoɓi.

Kitsen da ke taruwa a ciki, wato teɓa, yana fitar da sinadaran da ke ƙara wannan kumburi. Kamar mai tura itace ne a murhu. Idan teɓa ta ragu, wutar takan ragu.

Likitoci sun gwada wannan. A shekarar 2014 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Italiya. An tara masu soriyasis 303, dukkansu masu nauyin jiki fiye da kima. Aka raba su gida biyu. Kowa yana shan maganinsa. Kashi na farko aka tsara musu abinci da motsa jiki har mako 20. Kashi na biyu aka yi musu bayani kawai. Da aka duba, ciwon kashi na farko ya ragu da kusan rabi. Na kashi na biyu ya ragu da kusan kwata.

A 2018 kuma, wani bincike a Faransa ya tambayi mutane fiye da 35,000 abin da suke ci. Aka ga ciwon ya fi tsanani ga waɗanda ba sa cin abinci irin na mutanen bakin Bahar Rum. Abincin nasu shi ne ganye, da kayan lambu, da wake, da hatsi da dusarsa, da kifi, da man zaitun, nama kuma kaɗan. In ban da man zaitun, duk akwai irinsu a ƙasar Zazzau.

GWAJIN IGIYA

Ga hanya mai sauƙi ta sanin ko teɓa ta yi yawa. A sami igiya. A auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a yanke. A ninka ta biyu. A zagaya ta a ciki, kusa da cibiya. Idan bakin biyu sun haɗu, to madalla. Idan ba su haɗu ba, akwai buƙatar rage ƙiba.

Wannan ya shafi masu sana'ar zama ƙwarai. A birnin Zariya akwai maɗinka, da masu aikin wuyan riga da hula, da 'yan tireda, waɗanda ke wuni zaune. Haka matan da ba sa yawan fita. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a yini tana da amfani. Mace tana iya zagaya tsakar gida da sassarfa safe da yamma.

A kula: rage abinci na mai ƙiba ne kaɗai. Yaro, da mai ciki, da mai shayarwa, da ramamme, kada su rage abinci. Su dai su gyara irin abin da suke ci.

ABIN DA ZA A YAWAITA

1. Ganye: zogale, rama, yakuwa, alayyafo, lalo, kuka.
2. Kayan lambu: kabewa, kuɓewa, karas, kabeji, tumatir, yalo, albasa.
3. 'Ya'yan itace: gwaiba, lemo, gwanda, mangwaro, kankana. A ci su yadda suke, ya fi a matse ruwan.
4. Hatsi: gero, dawa, acha. Kada a surfe su ƙwarai, don akwai amfani a dusar.
5. Wake da waken suya.
6. Kifi, sau 2 a mako. Kifin ƙanƙara irin taitus da shawa, da sadin na gwangwani, suna da wani mai da ake kira omega-3, mai amfani ga zuciya.
7. Gyaɗa da riɗi, cikin tafin hannu ɗaya a yini. A zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna, tana lalata hanta.
8. Kindirmo ba sukari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a yini. Wato kamar cikin tafin hannu sau 5.

ABIN DA ZA A RAGE

1. Sukari. Bai kamata babba ya wuce cokalin shayi 12 a yini ba, ƙasa da haka ya fi. Babbar kwalbar lemo guda ɗaya tana iya cinye wannan adadin duka. A rage sukarin shayi, da na koko, da na fura.
2. Soye-soye: fanke, cincin, ƙosai, soyayyar awara, soyayyar doya. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, a guje shi.
3. Farin burodi, da biskit, da taliyar leda.
4. Kitse da nama mai maiƙo. Nama kaɗan ya isa, ba kullum ba.
5. Gishiri da dunƙulen miya. Gishirin yini ɗaya kada ya wuce cokalin shayi ɗaya. Daddawa, da citta, da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano.
6. Taba da giya. Waɗannan ba ragewa za a yi ba, bari za a yi. Dukkansu suna tsananta ciwon.

A watan azumi ma haka. Idan an sha ruwa, a fara da dabino da 'ya'yan itace da kwaɗo, a rage tulin soye-soye.

GIRKI NA ƊAYA: FATEN TSAKI MAI GANYE

Fate abincin Zazzagawa ne tun kaka da kakanni. Wannan zai ishi mutum 5 ko 6.

Kayan haɗi: tsakin masara ko na dawa gwangwanin madara 3, wake gwangwani 1, dakakkiyar gyaɗa rabin gwangwani, rama ko yakuwa ɗauri 2, alayyafo ɗauri 2, yalo 4, tumatir 4, tattasai 2, attarugu 1, albasa 1, busasshen kifi, daddawa, citta, manja cokali 2.

1. A wanke wake, a dafa shi har ya fara laushi.
2. A jajjaga tumatir da tattasai da attarugu da albasa, a zuba.
3. A sa kifi, da daddawa, da citta, da gyaɗa, da manja, da gishiri kaɗan.
4. Idan ya tafasa, a wanke tsaki a zuba. A riƙa motsawa don kada ya kama.
5. Idan tsaki ya nuna, a zuba rama da yalo.
6. A sa alayyafo daga ƙarshe. Bayan minti 5 a sauke.

Sirrin wannan fate shi ne ganye ya fi tsaki yawa. Ana iya yin sa da acha. Ita ta fi saurin nuna.

GIRKI NA BIYU: KWAƊON ZOGALE

Kayan haɗi: ganyen zogale kwano 1, dakakken ƙuli-ƙuli ludayi 1, tumatir 2, albasa 1, lemon tsami 1, yaji kaɗan.

1. A tsince zogale, a wanke da ruwa mai tsabta.
2. A dafa da ruwa kaɗan har ya yi laushi. Kada a sa kanwa.
3. A tsane, a bar shi ya huce.
4. A yanka tumatir da albasa a kai.
5. A dama ƙuli da ruwa kaɗan, a zuba, a matsa lemon tsami, a cakuɗa.

Ba sai an sa sukari ba. Ba sai an ƙara mai ba, akwai mai a cikin ƙuli. Haka ake yi da rama ko kabeji.

GIRKI NA UKU: FARFESUN KIFI

Kayan haɗi: kifin taitus 2 ko tarwaɗa, tumatir 3, albasa 1, attarugu 1, tafarnuwa, citta, masoro, karas 2, ganyen ɗoɗɗoya.

1. A wanke kifi da lemon tsami, a yanka.
2. A jajjaga kayan miya, a dafa da ruwa kofi 2 na minti 10.
3. A sa karas da kayan ƙamshi.
4. A jera kifi a ciki, a rage wuta, a rufe.
5. Bayan minti 15 a watsa ɗoɗɗoya, a sauke.

Ba a soya kifin, ba a kuma sa mai. Ana ci da dafaffiyar acha, ko dankalin Hausa, ko shinkafa 'yar gida.

GIRKI NA HUƊU: MIYAR TAUSHE DA TUWON DAWA

A dafa kabewa har ta narke, a dame ta. A zuba jajjagen kayan miya, da daddawa, da busasshen kifi. A sa niƙaƙƙiyar gyaɗa ludayi 1. Idan ta yi kauri, a zuba alayyafo da yakuwa masu yawa. Manja cokali 1 ko 2 ya isa. Wurin ci, mai ƙiba ya tsaya a malmala ɗaya. Miya ta fi tuwo yawa.

KARIN KUMALLO DA ABIN SHA

Alala ta fi ƙosai, don turara ta ake yi, ba suya ba. A zuba ƙullun a gwangwani ko a ganye. A sha da kokon gero ko kunun tsamiya mai ƙaramin sukari.

Zoɓo ma yana da kyau. A dafa shi da citta da kanumfari, a yanka abarba a ciki maimakon sukari. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini su tambayi likita kafin su yawaita shi. Ruwa mai tsabta kuwa, shi ne gaba da kowane abin sha.

KADA A HANA KAI ABINCI BA DALILI

Wasu sukan hana mai ciwon fata kifi, ko ƙwai, ko nono, ko tumatir. Ba a tabbatar da cewa waɗannan suna kawo soriyasis ba. Wasu kuma sukan ce a bar alkama. A 2018 ƙwararrun likitocin wannan ciwo a Amurka suka duba bincike 55. Suka ce barin alkama na wanda gwajin asibiti ya nuna jikinsa ba ya karɓarta ne kaɗai. Shawarar da suka fi ƙarfafawa ita ce mai ƙiba ya rage nauyi.

Citta, da tafarnuwa, da kurkur kayan ƙamshi ne masu kyau a miya. Amma ba za su maye gurbin magani ba.

Jikin kowa daban ne. Mai ciwon ya sami ƙaramin littafi. Kullum ya rubuta kwanan wata, da abin da ya ci, da yadda fata ta kwana. Idan ya ga wani abinci yana tayar masa da ciwon sau da yawa, ya bar shi na wata ɗaya ya gani. Ya tafi da littafin ranar ganin likita.

SAURAN ABUBUWAN KIYAYEWA

A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ƙwarai ba. Kada a goge tabon da soso mai kaushi ko dutse. Kada a ɓanɓare ɓawon. Da an fito wanka a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai bushe ba. A hunturu a shafa sau 2 ko 3 a yini. Hantsi na ɗan lokaci yana taimaka wa mutane da yawa.

Kada a yi tsaga ko sakiya a kan tabon. Duk inda aka ji wa fata ciwo, sabon tabo yana iya fitowa a wurin.

A guji man bilicin da man shafawar da ake haɗawa a kasuwa. Da yawansu suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Tabon yakan lafa da farko. Daga baya fata ta yi siriri, ciwon ya dawo fiye da da. Likita ma yana ba da irin wannan mai, amma da awo da adadin kwanaki.

Maganin zazzaɓi na kulorokwin yana iya tayar da soriyasis. Haka wasu magungunan hawan jini. Mai ciwon ya riƙa faɗa wa likita cewa yana da shi kafin a rubuta masa magani. Ciwon maƙogwaro da yawan damuwa su ma suna tayar da shi.

Wanda aka ba ƙwayar metotirezet ya sani sau ɗaya ake shan ta a mako, ba kullum ba. Mai ciki ba ta sha. Kada a haɗa ta da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba, don kare hanta.

A garzaya asibiti idan tabon ya rufe yawancin jiki, ko ƙuraje masu mugunya sun fito tare da zazzaɓi. Haka idan yatsu ko gwiwa sun kumbura, ko gaɓoɓi suna sandarewa da safe. Jinkiri yana iya lalata gaɓa.

AIKIN GIDA DUKA NE

Mai soriyasis ba ya buƙatar tukunya daban. Faten nan, da kwaɗon nan, da miyar nan, abincin kowa ne. Suna kuma kare sauran mutanen gida daga ciwon sukari da hawan jini. Maigida ya riƙa haɗowa da ganye da wake da kifi a cefane. Uwargida ta rage mai da gishiri a tukunya. A shuka zogale a bayan ɗaki.

Kada a sa ran ganin canji cikin kwana biyu. A ba shi wata 3 ko 4, ana cin abincin, ana tafiyar ƙafa, ana shafa magani yadda likita ya ce. Sannu ba ta hana zuwa. Maƙwabta kuma su miƙa wa mai ciwon hannu a gaisa, a ci abinci kwano ɗaya da shi. Allah ya ƙara lafiya, amin.